Sun shafa min jan fenti a katanga, masu sanin dokar fili dan Allah ku taimaka

Sani_Mai_Albasa:

Assalamu alaikum jama'a. Dan Allah ina neman shawara, wallahi kwana uku kenan ban samu bacci na kirki ba. Ni albasa nake sayarwa a kasuwar Mile 12, shekara ta 19 a Legas. A 2015 na tattara abin da Allah ya hore na sayi rabin fuloti can ɓangaren Ikorodu a hannun wasu dangi 'yan ƙasa, suka ba ni rasit na iyali da takardar yarjejeniya wadda shugaban gidansu ya sa hannu, ga kuma takardar safiyo, wato taswirar awon filin. Kun san yadda abin yake, da na zo zuba fandisho omonile, wato 'yan ƙasar da ke karɓar kuɗi a wurin masu gini, suka zo na biya, da na kai linta suka dawo na biya, ranar buga kwano ma sai da kafinta ya sauko daga sama muka daidaita da su kafin ya ci gaba. A hankali a hankali na yi ɗaki huɗu da shago biyu a gaba, iyalina na ciki, shago ɗaya wani tela ke haya ɗaya kuma maiɗakina ke sayar da kayan miya da omo.

To ranar Talata ina kasuwa ta kira ni tana kuka wai wasu mutane sun zo da mota da tef na awo, sun ja daga tsakiyar hanya har cikin tsakar gida, sun zana ƙaton X da jan fenti da wata lamba da kibiya a jikin katanga, wai za a faɗaɗa titi a yi magudanar ruwa. Da na dawo na auna da ƙafa, shagunan biyu sun tafi, ɗakin yara ya tafi, har rijiya. Ba su bar takarda ko ɗaya ba. Jiya kuma wani ya same ni a masallaci wai yana da hanya a ofis, in ba shi dubu 150 zai sa sunana a jerin waɗanda za a biya diyya.

Tambayata, gwamnati tana da ikon ƙwace abin da na saya da guminna haka kawai? In za su biya, filin za su biya ko ginin? C of O, wato takardar shaidar riƙe fili ta gwamnati, ba ni da ita, izinin gini ma gaskiya ban nema ba don ba wanda ya nema a layinmu. Kuma in ba mutumin nan kuɗin?

Baba_Agege:

Wa alaikumussalam Malam Sani, Allah ya sa kaffara ne. Ni dai abu ɗaya zan fara ce maka, kar ka ba ɗan masallacin nan ko sisi, irinsu kamar ungulu suke, da sun ga jan fenti sai su sauka. Na ga rusau ɗin unguwar Maroko ta nan Legas da idona a 1990 lokacin gwamnan soja Raji Rasaki, ina da abokin da ke gadi a can, notis na kwana bakwai aka ba su katafila ta shiga ana tsakiyar damina, mutum wajen dubu 300 suka watse, yau je ka ga irin gidajen da ke wurin. Tun daga ranar na daina yarda da cewa ƙasar Legas ta wani talaka ce. In ka ga abin ya tabbata kar ka jira katafila, ka kira kafinta ya cire maka kwano da katako da ƙofofi da taga ka adana, bulo kaɗai za ka bar musu. Wanda ya tsaya gardama da direban katafila ko cokali ba ya fita da shi.

Barista_Idi_Araba:

Baba Allah ya ƙara girma, amma kar ya cire ko ƙusa ɗaya tukuna, in masu ƙiyasta gini suka zo suka tarar da kango to kuɗin kango za su rubuta. Cire kwano sai a ƙarshe.

Malam Sani, amsar tambayarka ta farko ba mai daɗi ba ce: e, suna da iko. Tun dokar amfani da ƙasa ta 1978, wadda aka yi zamanin mulkin soja na Obasanjo, duk ƙasar da ke cikin jiha an damƙa ta a hannun gwamna a matsayin amana, ni da kai abin da muke riƙe da shi haƙƙin zama ne da amfani, shi ya sa ko C of O ɗin da ake ta rububi yawanci shekara 99 ake rubutawa a jiki. Mu 'yan arewa ma bai kamata abin ya zo mana baƙo ba, don tsarin daga wajenmu aka kwaso shi, dokar ƙasa ta Jihar Arewa ta 1962 kusan haka take. Kuma an cusa dokar cikin tsarin mulki, ba a taɓa ta sai an bi hanyar gyaran tsarin mulki, shi ya sa kowa ke ƙorafi amma tana nan daram.

Sashe na 28 ya ba gwamna damar soke haƙƙin mutum in akwai buƙatar jama'a da ta rinjaya, kamar titi, layin dogo, makaranta, bututun mai. Amma da sharaɗi. Dole sokewar ta fito a rubuce da sa hannun jami'in da gwamna ya wakilta, kuma a isar da notis ga mai wurin. Jan fenti a bango ba notis ɗin da doka ke nufi ba ne, alama ce kawai ta masu awo. Sannan dole aikin ya zama na jama'a da gaske, kotun ƙoli ta sha rushe sokewar da aka yi aka miƙa wa wani ɗan kasuwa filin don amfanin kansa. Sashe na 44 na tsarin mulkin 1999 kuma ya ce a biya diyya ba tare da jan ƙafa ba kuma mutum yana da damar zuwa kotu.

Wurin da mutane ke shan mamaki shi ne sashe na 29. Ba sa biyan kuɗin ƙasar yadda ake sayar da ita a kasuwa. Abin da ka ɗora a kai ake biya, gini, katanga, rijiya, bishiyoyi da amfanin gona, shi ma ginin ana lissafa abin da zai ci a sake irinsa sannan a zabge tsufan da ya yi. Wato ko fulotin layinku ya ninka sau goma daga 2015 zuwa yau, wannan ribar ba ta cikin lissafi. Ni kaina ina ganin wannan zalunci ne a cikin dokar, amma haka take.

Yanzu matsalarka ta gaskiya guda biyu ce. Ta ɗaya, mu san ko dangin nan suna da abin sayarwa tun farko. In gwamnati ta riga ta karɓe yankin tun kafin ka saya, to iska suka sayar maka, rasit ɗinsu shaidar ka ba su kuɗi ne kawai. In kuwa ƙasar tasu ce halal, kana da abin tsayawa a kai ko da ba C of O, sai dai za a tambaye ka amincewar gwamna da sashe na 22 ke nema a kan ciniki. Ta biyu, rashin izinin gini. Nan ne za su iya cewa ba karɓar fili suke yi ba, gini ne ba bisa ƙa'ida ba a kan hanyar titi suke cirewa, kuma irin wannan galibi ba diyya a doka, in an bayar to tausayi ne ko siyasa. Shi ya sa ka ga ko a aikin titin gaɓar teku na Legas zuwa Kalaba da aka fara a 2024 an yi rigima a kan wa ke da takarda wa ba shi da ita.

Yau ɗin nan ka ɗau hoto da bidiyo na kowane lungu, ciki da waje, da lambar da suka rubuta. Ka nemo rasit ɗin siminti da kwano in akwai, takardun wuta masu sunanka, da na harajin gida in kana biya. Asalin takardu kar su bar hannunka, kwafi kawai za ka ba kowa.

Auwal_Safiyo:

Barista ya gama magana, ni ɗan ƙari ne ta ɓangaren aikinmu, shekara takwas ina bin maigidana awo daga Ibeju har Badagry. Malam Sani ɗauko takardar safiyon nan ka duba, akwai lambobin bikon, wato turakun simintin iyaka, a kusurwa huɗu, akwai hatimi da sunan safiyo mai rajista? Sannan an kai kwafinta ofishin babban safiyo na jiha a Alausa an ajiye? Don wallahi rabin takardun da omonile ke haɗa wa mutane zane ne kawai aka yi a shagon kwamfuta, wani ma lambobin wani fili ne can daban da ba shi da matsala ake ɗorawa a kan naka. Ka kai ta Alausa a yi maka catin, za su ɗora lambobin a taswirar gwamnati su gaya maka matsayin wurin. Ko dai babu hannun gwamnati a kai, ko yana cikin wanda ta karɓe gaba ɗaya amma ba ta tsara komai a kai ba, wannan ana iya neman a halatta maka ka biya, ko kuma wanda aka riga aka ware wa wani aiki kamar titi ko magudana, shi wannan na ƙarshen ba gyara ko wa ka sani. Akwai kuma abin da ake kira eksishin, wato gwamnati ta yanko wani ɓangare ta mayar wa ƙauye ta buga a gazet, takardar sanarwar gwamnati, in dangin sun ce maka suna da shi ka ce su nuna lambar gazet ɗin kuma a duba ko fulotinka na ciki, don sau da yawa eksishin ɗin kadada kaɗan ne amma sai su sayar da har bayan gari da sunansa.

Mutanenmu muna da sakaci a nan gaskiya, mutum zai sayi fili na miliyoyi a kan amana da shaidu biyu kamar yana ƙauyensu gaban mai unguwa, amma kuɗin bincike ya gagare shi.

Dan_Kurmi:

Ni fa ban ga abin wahala ba, wa ya ce ku gina a ƙasar mutane? Da Zariya ko Funtuwa ka kai kuɗin nan da yanzu kana da gida biyu ba mai ce maka ƙala. Ka karɓi abin da ya samu ka koma gida.

Maman_Khalifa:

Haba Dan_Kurmi, mutum na cikin zafi kana ƙara masa gishiri. A arewan ba a rusau ne? Ka manta abin da aka yi a Kano a 2023, ko Abuja zamanin El-Rufa'i? Dokar ɗaya ce daga Sakkwato har Legas, kuma tsarin mulki ya ba kowane ɗan ƙasa damar mallakar gida a duk inda ya so. Wasunmu a nan aka haifi iyayenmu, kakana a Agege aka binne shi, ina za mu koma?

Malam Sani ni abin ya taɓa faɗa wa gidan mahaifinmu, aikin hanya ya cinye mana shaguna uku. Abin da ya cece mu haɗin kai ne, masu gidajen layin gaba ɗaya Yarbawa da Ibo da mu muka zauna da Bale, mai unguwar Yarbawa, muka ɗauki lauya ɗaya da mai ƙiyasta gini ɗaya namu na kanmu, kowa ya kawo karo-karo. Ranar da ma'aikata suka zo ƙidaya namu yana biye da su da littafinsa, inda suka rubuta ɗaki biyu ya ce a'a uku ne a ƙirga, har soakaway, wato ramin masai, da tayil sai da aka sa. Maƙwabcinmu da ya yi tafiya ranar, sunan ɗan hayarsa aka rubuta, ya fi shekara yana zarya kafin a gyara. Don haka ranar ƙidaya ko albasa za ta ruɓe ka bar ta ka tsaya a ƙofar gidanka da katin shaidarka, ka tabbata sunan da aka rubuta daidai yake da na asusun bankinka harafi da harafi. Kuɗin da muka samu bai kai ya sake gina shagunan ba kuma ya daɗe kafin ya fito, amma ya fi babu. Sannan ka yi wa telan nan magana tun yanzu, in ya biya haya gaba ka san yadda za ku yi, shi ma yana da iyali.

Sani_Mai_Albasa:

Na gode ƙwarai jama'a, Allah ya saka da alheri, Hajiya Allah ya raya su Khalifa. Na ɗauko takardar safiyon, hatimi akwai amma lambar bikon uku na gani a ƙasa, na huɗun ina jin yana ƙarƙashin shagon tela. Na je wajen shugaban dangin da yamma na tambaye shi gazet sai ya fara ce min wai yana wajen yayansu da ke Ingila, jikina dai ya yi sanyi. Gidaje 23 aka shafa wa fentin a layinmu, shugaban masu gidaje ya kira taro ranar Asabar bayan la'asar, zan kai maganar lauya ɗaya da mai ƙiyasi. Mutumin masallaci ya kira ni sau huɗu yau har ya sauko dubu 100, ban ɗauka ba. Litinin in sha Allah zan bar wa yarona rumfa in tafi Alausa. Auwal dan Allah in na je wane bene zan nufa, kuma asalin takardar zan riƙe ko kwafi ya isa?

Auwal_Safiyo:

Ka riƙe duka biyun amma kwafin za ka miƙa. Ka fita da wuri kafin go-slow ɗin Ketu ya kama ka, in ka isa sakatariya ka tambayi masu gadi ofishin babban safiyo, kar ka tsaya wa 'yan bakin get masu cewa kawo in shigar maka, kuma duk abin da za ka biya ta banki ne a ba ka rasit. In sakamakon ya fito ka turo mu gani kafin taron da za ku yi da lauyan.