Dafadukan taliya da ragowar soyayyen nama: yaya ake yi kada ta caɓe?

Maman Ilham:
Assalamu alaikum 'yan'uwa. Akwai ragowar soyayyen naman rago, kamar cikin kofi biyu, ya bushe ya yi tauri. Ina so in yi dafadukan taliya da shi na mutum biyar, abincin dare. Yaushe ake zuba naman, kuma ruwa nawa zai isa?

Anti Binta:
Wa alaikumus salam. Fara da naman, ba da taliyar ba. Ki zuba shi a tukunya da ruwa kofi biyar, rabin albasa da ɗan citta, ya dahu a wuta kaɗan minti 15. Ki tsame shi ki yayyanka ƙanana. Ruwan nan shi ne romonki, kada ki zubar.

A wata tukunya ki soya albasa ɗaya a mai cokali huɗu, ki zuba jajjagen tumatir huɗu, tattasai biyu, attaruhu biyu da tafarnuwa. Ki bar shi ya soyu sai mai ya taso sama. Idan kika yi gaggawa a nan, tsamin tumatir zai fito a abincin. Sai ki juye romon, ki sa kori da dunƙule biyu. Ki ɗanɗana kafin gishiri, don naman ya riga ya saki nasa a ruwan. Idan ya tafasa ki karya taliya leda ɗaya, mai giram 500, gida biyu ki zuba. Ruwan ya rufe ta kawai, kada ya haura ta sosai. Ki juya sau ɗaya, ki rufe, ki rage wuta. Bayan minti 7 ki zuba naman, ki bar ta ta turara minti 3 zuwa 4.

Ummu Khalil:
Abin da Anti ta faɗa daidai ne. Caɓewa daga abu uku take zuwa: ruwa ya yi yawa, an zuba taliya kafin ya tafasa, ko an dame ta da juyi. Gara ruwa ya gaza, ki ajiye ruwan zafi a gefe kina ƙarawa rabin kofi, rabin kofi. Na sanyi kam a'a, yana tsayar da dahuwar. Kuma ki sauke tun da sauran ɗan ƙarfinta, za ta ƙarasa da zafin tukunya.

Hajiya Rabi:
Ki shinshina naman tukuna, 'yata. Dafaffen nama kwana 3 zuwa 4 yake yi a firij, in dai ba a yawan ɗauke wutar lantarki. Wanda aka soya ya bushe ƙarau ya fi daɗewa, amma idan yana yauƙi ko ya canja wari, dahuwa ba za ta gyara shi ba. In warin tsohon mai ne kawai, ki ɗauraye shi da ruwan zafi kafin ki ɗora.

Maman Ilham:
Na gode ƙwarai. To idan tsire ne ya rage fa?

Anti Binta:
Shi ba a dafa shi tare. Ƙuli-ƙulin jikinsa zai sa ruwan ya yi kauri, ya kama gindin tukunya, ƙauri ya tashi. Ki yi romo da dunƙule kawai, ki rage attaruhu zuwa ɗaya saboda yajinsa, ki yanka tsiren ki barbaɗa a sama minti 2 kafin ki sauke.