Baffana ya daina barci tun da aka kore shanunsa

A ɓoye sunana:
Assalamu alaikum. Don Allah ku ba ni shawara. Mu Fulani ne, rugarmu tana Zamfara, ni aure ya kawo ni gari. Bara da kaka ɓarayi suka kore shanun Baffa, har da wata farar saniya, jikar wadda ya gada wurin kakanmu, 'yarta ce ma aka ba ni da zan yi aure, kishiyar Inna ta yi ta surutu a kai. Tun daga nan Baffa ba ya barci. Inna ta ce ƙarfe biyun dare yake farkawa ya je ya zauna bakin garke, garken da ba komai, har asuba. Fura ma sai an matsa. In an tambaye shi ya ce "jam tan", wato lafiya lau da Fulatanci. Yayana ya saya masa ƙwayar barci a kemis, ta yi sati ɗaya ta daina ci.

Alhaji Na-Gari:
Yarinya, wannan ba ciwo ba ne, tawakkali ne ya yi rauni. Ayatul Kursiyyu da Amanar Rasulu kafin kwanciya, a haɗa da rubutu. Shi ke nan.

Maman Khalil:
Allah sarki. Mu ma shekara uku ba mu noma gonarmu ba. Mijina in ya ji ƙarar babur da dare sai ya miƙe. Danginsa kuwa ko leƙe, amma ranar rabon gado da su aka fara zama.

Ma'aikaciyar jinya:
Ƙanwata, a yi addu'a, amma abin da kika lissafa alamun ciwon damuwa ne: farkawa tun tsakar dare, ƙin abinci, janye jiki daga mutane. In ya wuce sati 2 haka, ba baƙin ciki ne kawai ba. Damuwar tana hana barci, rashin barcin yana ƙara damuwar. Ƙwayar kemis irin su diyazafam ba ta taɓa tushen, jiki kuma yana sabawa da ita, kada a tsayar da ita lokaci ɗaya sai likita ya gani. Akwai asibitin ƙwaƙwalwa na tarayya a Kware, jihar Sakkwato. Yana cin goro ko shan shayi da dare? Ya taɓa cewa gara ya mutu?

A ɓoye sunana:
Anti, Baffa fa ba mahaukaci ba ne. In na ce Kware ai na gama da shi a cikin dangi. Bafulatani ba ya kai kukansa ko wurin ɗansa, balle baƙo. Goro kam yana ci.

Alhaji Na-Gari:
Kin ji ko? Su komai asibiti. Iyayenmu sun ga yunwar 1973, dabbobi suka ƙare ƙarƙaf, wa aka kai Kware? Ku haɗa kuɗi ku saya masa ko karsana biyu, za ku ga barci.

Ɗan Mashaya:
A saya a sake korewa? Alhaji, kai a gari kake.

Ma'aikaciyar jinya:
Ba sai an ce Kware ba, a ce za a auna jininsa a asibitin garinku, likitan ya yi masa tambayoyi. Tambayata ta biyu ba ki amsa ba.

Alhaji Na-Gari:
Musulmi dattijo ake yi wa wannan tambayar? Subhanallah.

A ɓoye sunana:
Ban sani ba Anti, rabona da ruga wata bakwai, hanya ba kyau, kuma ba laifina ba ne. Alhaji, nawa karsana take yanzu?