Taƙaitawa: yaƙi da ta'addanci da haƙƙin ɗan Adam

Jama'a, muhawarar da muke yi kan yadda za a yaƙi ta'addanci ba tare da tauye haƙƙin ɗan Adam ba ta yi tsawo, ga abin da na tattaro.

1. Baki ya zo ɗaya kan azabtarwa. Yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya ta 1984 ta hana ta ko ana yaƙi ko dokar ta-ɓaci.

2. Ƙuduri na 1373 na Kwamitin Sulhu, na 2001, ya wajabta wa ƙasashe toshe kuɗin ta'addanci, amma bai fayyace mene ne ta'addanci ba. Da yawa sun ce nan gwamnatoci ke fakewa da guzuma su harbi karsana, su kama 'yan adawa da 'yan jarida.

3. Inda aka fi jayayya shi ne jerin takunkumi na ƙuduri 1267, wato sunayen mutane da ƙungiyoyin da Kwamitin Sulhu ya sa a riƙe dukiyarsu, wanda aka sa Boko Haram a ciki a 2014. Wasu sun ce dole ne, don in an jira shari'a kuɗin sun riga sun gudu. Wasu suka kawo shari'ar Yassin Kadi, wani da aka sa sunansa a jerin, ta 2008, inda Kotun Tarayyar Turai ta soke riƙe dukiyar mutum ba a ji ta bakinsa ba. A 2009 Kwamitin Sulhu ya kafa ofishin sauraron ƙorafin masu neman a cire sunansu daga jerin, kuma shawarar da aka bayar ita ce wanda sunansa ya shiga ya nufi can. Ni dai ina ganin ofis ba kotu ba ne.

4. Masu aikin agaji su san ƙuduri 2664 na 2022, wanda ya keɓe kayan jinƙai daga takunkumin Majalisar.