Makon da ke gaban al'ada: yaya kuke yi da yara da gida?

Maman Ilham, Kano

Assalamu alaikum 'yan uwa. Akwai wasu kwanaki a wata, kamar mako guda kafin al'ada ta zo, da nake jin kamar an canza ni. Kukan yaro da na saba jurewa sai ya riƙa shiga mini har cikin ƙwaƙwalwa, maigida ya yi magana kaɗan in ji hawaye, barci ya ƙi zuwa, nono ya yi nauyi, ga kasala. Da jini ya zo sai in wartsake kamar ba ni ba. Lokacin da nake budurwa ɗaki nake shigewa in ja ƙofa, yanzu kuwa yara huɗu, babu ƙofar da za a ja. Don Allah wadda ta san wannan hali ta faɗa mana abin da ta gwada da kanta, ya yi mata amfani ko bai yi ba.

Ummu Sadik, Zariya

Wa alaikumus salam. 'Yar uwa, kalanda ce ta taimake ni. Irin wadda ake rabawa a farkon shekara, na rataye ta a bayan ƙofar kicin, na ɗaure biro da zare a jikin ƙusar. Ranar da jini ya zo in zagaye ta. Ranar da na wuni da ƙunci in sa ɗigo ɗaya, in har na yi kuka ko na yi wa yara tsawa ba dalili in sa biyu. Ba a yi wata uku ba na ga ɗige-ɗigen duk sun taru a gaban zagayen, sauran watan fes.

Daga nan na sake tsarin gidana. Babban wanki, kitson yara, kai niƙa, gaishe-gaishen dangi, duk a makon da na yi tsarki nake yinsu, lokacin jikina da ƙarfi. A makon ne nake markaɗen tattasai da tumatir in soya da yawa in ajiye. Idan kwanakin ɗigo suka ƙarato, ba tuƙa tuwo. Dafa-duka ce, ko garau-garau, ko in ɗumama miyar da na ajiye. Aikin makarantar yara babansu ke dubawa. Kuma duk wata magana mai nauyi tsakanina da shi, ta kuɗi ko ta danginsa, ba na ɗauko ta a wannan makon. In ta dame ni in rubuta, in jira. Wata in na dawo kanta in ga ba komai ba ce, wata kuwa in ga lallai magana ce, sai in yi ta cikin natsuwa a saurare ni.

Sista Hauwa, ungozoma, Kaduna

Abin da Ummu Sadik ta yi shi ne ainihin abin da muke sa mata su yi a asibiti. Zagayen al'adar mace yakan kama daga kwana 21 zuwa 35, kuma ƙwai yakan sauka kimanin kwana 14 kafin jini na gaba. Bayan saukarsa sinadarin furojestaron yana hawa, idan ciki bai shiga ba sai shi da istrojin su sauka, jini ya biyo baya. Wannan hawa da sauka yana taɓa sinadaran ƙwaƙwalwa masu kula da barci da yanayin zuciya, irin su sirotonin. Yawanci ko an auna jini ba a ganin sinadaranki sun fi na wata yawa. Ƙwaƙwalwar wata ce ta fi jin canjin. Likitoci na kiran wannan PMS. Akwai mai tsanani, PMDD, wanda ke hana mace tafiyar da rayuwarta, kuma Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa shi a kundin cututtukanta da ya fara aiki a 2022. Ba a tabbatar da shi sai mace ta rubuta halin da take ciki kullum har zagaye biyu. To ku riƙe kalandarku, ita likita zai fara nema.

Maman 'Yan Biyu, Katsina

Ni abokiyar zamana ce ta fara lura. Wata rana ta same ni a bakin murhu ina hura wuta, hawaye na zuba, ta karɓi maficin ta ce, "Ƙanwata, hayaƙi ne ko kwanakin ne?" Ta ce in je in kwanta. Tun daga nan muka yi shawara: in kwanakina sun faɗo a girkina ita ke ɗora tukunya, kwana dai yana nan nawa, in nata sun zo in rama mata. Yarana ma ɗakinta suke wuni. Na san ba kowane gida ake samun haka ba, kada wata ta ji na yi mata gori. Wadda ba ta da wannan ta duba maƙwabciya ko ƙanwar miji.

Hajiya Inna, Gusau

'Ya'yana, ina karanta ku. Mu ma mun yi, sai dai ba mu da sunansa, cewa ake yi wance yau 'yan miskilancin sun motsa. Amma gidajenmu manya ne, ga kaka ga matan 'yan uwa, yaro ya dame ki wata ta goya shi. Ku an kai ku gida ke kaɗai an rufe get. Ina tausaya muku. Abu ɗaya zan ja kunnenku: kada sanin kwanakin ya zama hujjar dukan yara. In kin ji hannunki na ƙaiƙayi, ajiye yaron inda ba abin da zai same shi, ki fita tsakar gida ki wanke fuska. Wanda ya yi wayo kuma ki gaya masa yau Mama ba ta jin daɗi, ba laifinsa ba ne. Suna ganewa fiye da yadda kuke zato.

Malama Ummu Abdallah, Sakkwato

Ni nawa ƙuncin ba kafin jinin ba ne, cikinsa ne. Salla ce ke raba mini wuni gida biyar, ita ce kaɗai lokacin da yara suka san ba a taɓa ni. In ina fashin salla sai wunin ya zama dogo ba mahuta. Yanzu in an kira salla ina barin abin da nake yi, in zauna in yi tasbihi da salati da addu'a na ɗan lokaci. A mazhabar Malikiyya mai haila tana iya karanta Alƙur'ani da ka, ba tare da taɓa Mus'hafi ba. Kuma Nana A'isha ta ruwaito cewa Manzon Allah (SAW) yana jingina a cinyarta ya karanta Alƙur'ani alhali tana haila, hadisin na cikin Bukhari. Ina isar wa mazajen ɗalibaina wannan ta bakin matansu, domin wasu da mace ta ce ba ta salla shi ke nan an daina ko hira da ita, a daidai lokacin da ta fi bukatar a tausasa mata.

Wata 'yar uwa (ta ɓoye suna)

Zan faɗi nawa don kada wata ta zauna jiran jini ya kawo mata sauƙi. Bayan haihuwata ta biyu, da aka yi arba'in na dawo daga wankan gida, sai duniya ta yi mini duhu. Ina shayarwa, al'ada ba ta ma dawo ba. Jaririyar na kuka ina kallonta, ba na jin komai, daga baya in yi ta kuka ina cewa ni wace irin uwa ce. Abinci ba ya shiga. Aka ce iska ce, aka yi ruƙiyya, aka yi hayaƙi. Har na fara tunanin yaran za su fi jin daɗi in babu ni. Ranar da na kai ta rigakafi wata nas ta dube ni ta ce, "Maman beby, ke fa, lafiyarki?" Kawai sai na fashe. Ta zaunar da ni ta yi mini wasu tambayoyi goma, ta tura ni wurin likitan ƙwaƙwalwa. Ciwon damuwa na bayan haihuwa ne. An ba ni magani wanda bai hana ni shayarwa ba, ina zuwa ana tattaunawa da ni, addu'a ma ban bari ba. Alhamdu lillahi na dawo. Da al'ada ta dawo na lura makon gabanta yakan so ya taso mini da abin, na gaya wa likita, muka shirya masa.

Maman Nafisa, Maradi

Allah ya ƙara lafiya, 'yar uwa, kin yi jarumta. Ni bayan jinin ne nake faɗuwa: jiri, bugun zuciya, ko tulu ba na iya ɗauka, ga saurin fushi. Jinina da yawa yake zuwa, har da guda-guda. A likita aka auna aka ce ƙarancin jini ne. An ba ni ƙwayoyin ƙarin jini, aka ce in yawaita zogale da wake da hanta in an samu, in daina shan shayi a kan abinci don yana hana jiki ɗaukar sinadarin ƙarfe. Da jinin jikina ya ƙaru, rabin fushin ya tafi.

Sista Hauwa

Maman Nafisa ta taɓo babban abu. Binciken lafiya na ƙasa na 2018 ya nuna kashi 58 cikin 100 na matan Najeriya masu shekara 15 zuwa 49 suna da ƙarancin jini. Wadda ke canza audugar mata duk awa ɗaya ko biyu, ko jininta ke wuce kwana bakwai, ta je a duba ta.

'Yar uwar da ta ɓoye suna, na gode miki ƙwarai. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a ƙasashe masu tasowa kusan mace ɗaya cikin biyar na samun matsalar ƙwaƙwalwa bayan haihuwa, yawanci ciwon damuwa. Ɗan kuka da ƙunci na kwanakin farko bayan haihuwa yakan wuce cikin mako biyu. In ya zarce, a je asibiti. Na al'ada kuma alamarsa ita ce yana ɗagawa in jini ya zo, a sami kwanaki masu daɗi a wata. In babu ranar daɗi ko ɗaya, wani abu ne daban. Tunanin cutar da kai ko cutar da jariri kuwa ba a jira da shi ko kwana ɗaya, a gaya wa wani a gida a tafi asibiti a ranar.

Amaryar Funtuwa

Sista, ni allurar tazarar haihuwa ta wata uku nake yi, al'adata ta rikice, wani watan ba ta zuwa sam. Yaya zan yi lissafin?

Sista Hauwa

Ƙanwata, allurar tana hana ƙwai sauka, shi ya sa jinin ke rikicewa ko ya ɗauke, wannan ba cuta ba ce. Ke ranar allura za ki zagaye, ki ci gaba da sa ɗigon kullum. In kin ga ƙuncin ya fara ne tun da kika soma allurar, ko yana ƙaruwa, ɗauki takardar ki kai inda ake yi miki, akwai wasu hanyoyin da za a iya canza miki. Kada dai ki daina da kanki ba ki shirya wata hanyar ba.