Masu zana siffar makashi: ilimi ne ko bugun ƙasan Turawa?

Abban Sadiq: Salamu alaikum jama'ar gida. Jiya na raba dare ina kallon wani shiri kan yadda FBI, hukumar binciken manyan laifuka ta Amurka, ke farautar masu kisan ɗauki-ɗai-ɗai. Wallahi mutanen nan sun yi nisa. Akwai waɗanda aikinsu ke nan: a nuna musu gawa da yadda aka bar wurin, su ce maka namiji ne, shekarunsa kaza, ba shi da aure, ga irin unguwar da yake. Ni dai na ce wannan ilimin ne ke kama makasa a can, kuma rashinsa ne ya sa namu ke sulalewa.

Ɗanjuma: Wa alaikumus salam. Ai mu ma muna da su, Abban Sadiq. Faifai da yashi kawai suke buƙata.

Abban Sadiq: Kai dai ba ka rabo da wasa. To saurara. A birnin New York wani ya yi shekara 16 yana dasa bama-bamai, daga 1940 zuwa 1956, 'yan sanda sun rasa ta cewa. Suka je wajen wani likitan ƙwaƙwalwa, James Brussel. Ya karanta wasiƙun mutumin, ya ce tuzuru ne, mai tsafta, yana zaune da wata 'yar uwarsa, kuma ranar da za ku kama shi za ku gan shi da kwat mai maɓallai layi biyu, ya saka maɓallan tsaf. A Janairun 1957 aka kama George Metesky, yana zaune da 'yan uwansa mata biyu. Da kayan barci aka same shi, aka ce ya je ya sa kaya. Ka san da me ya fito? Wannan kwat ɗin. Mai yashi zai iya?

Barista Hauwa: Yaya, labarin na da daɗi, shi ya sa kowane shiri da shi yake farawa. Amma wa ya gano Metesky? Wata ma'aikaciyar kamfanin wutar lantarkin da ya taɓa yi wa aiki ce, Con Edison. Shi da kansa ya riƙa rubuta wa jarida yana kukan cewa ya ji rauni a bakin aiki an hana shi diyya. Ita kuma ta zauna tana bin tsofaffin fayil ɗaya bayan ɗaya, har ta ci karo da na wanda ya ji rauni a 1931, kalaman da ke ciki irin na wasiƙun. Likitan kuwa, waɗanda suka koma kan takardun lokacin sun tarar ya ce a nema a garin White Plains, ya ce mutumin na da tabo a fuska. A Waterbury ta jihar Connecticut aka kamo shi, fuskarsa sumul. Da ya tashi ba da labarin daga baya, inda ya dace ya riƙe, inda ya kauce ya yi shiru. Kwat kuma, a zamanin nan dattawa nawa ne ba su da irinta?

Ɗanjuma: Kamar a ce ɓarawon Kano zai fito da kaftani da hula.

Baba Sufeto: 'Ya'yana, ku bar ni in sa baki. Shekara 35 na yi da kaki. Abin da Abban Sadiq ke faɗa ba baƙo ba ne a wurinmu. Mabi sawu a ƙauye yakan dubi ƙasa ya ce mutum biyu ne, ɗaya na ɗingishi, ɗaya ya ɗauko kaya mai nauyi don sawunsa ya nutse. Ba gaibu ya sani ba, ya daɗe yana kallon ƙasa ne. Ɗan sandan da ya ga gawa ɗari, in ya tarar an lulluɓe fuskar mamaci, ƙofa ba a ɓalle ba, ga kofin shayi biyu, zuciyarsa za ta ce masa na gida ne. Sai dai Bahaushe ya ce in an bi ta ɓarawo a bi ta mabi sawu.

Dakta Aminu: Baba ya taɓo wurin. Bari in faɗi tushen abin. FBI ta buɗe sashen nazarin halayya a cibiyar horonta da ke Quantico a 1972. Daga baya John Douglas da Robert Ressler suka zaga gidajen yari suka yi hira da makasa 36. Daga nan aka fito da rabon da ya shahara: makashi mai tsari, wanda ke zuwa da makaminsa ya kuma ɓatar da sawu, da maras tsari, wanda ke aukawa da abin da ya tsinta ya bar wurin kaca-kaca. Matsalar a fili take. Mutum 36 ne kacal, waɗanda aka riga aka kama, waɗanda suka yarda su yi magana, kuma mutane ne da ƙarya ta zame musu jiki. A 2004 David Canter da abokan aikinsa suka gwada wannan rabo a kan makasa 100, suka ga bai tsaya ba: kusan kowane kisa na ɗauke da alamun ɓangarorin biyu.

Abban Sadiq: To Dakta, shi wannan Canter ɗin ba shi ma mai zana siffa ba ne?

Dakta Aminu: Shi ne, kuma nan zan ba ka gaskiyarka. A 1986 ana fama da wani mai fyaɗe da kisa a kusa da tashoshin jirgin ƙasa a Landan. 'Yan sanda na da sunaye kusan 2000. Canter ya jera wuraren da aka yi ta'asar a kan taswira, ya lura cewa na farko-farko kusa da juna suke, ya ce mai yi ɗan wannan yankin ne, wajen Kilburn, yana da aure mai rikici, ba ɗa. John Duffy na can ƙasan jerin, sai ya hauro sama. Aka sa masa ido, aka kama shi. Taswirar ce ta fi aiki, don mutum yakan fara ɓarna inda ya san lungu da saƙo.

Abban Sadiq: Alhamdu lillahi! Barista, kin ji ko?

Barista Hauwa: Na ji, Yaya. Amma sunan Duffy ai yana cikin jerin tun kafin Canter ya zo, kuma a kotu zaren tufafi da shaidu aka kawo, ba hasashe ba. Yanzu ga wanda ke hana ni barci. A Yulin 1992 aka kashe Rachel Nickell a filin shaƙatawa na Wimbledon da ke Landan, a gaban ɗanta mai shekara biyu. Wani masanin halayya, Paul Britton, ya zana siffar makashin. 'Yan sanda suka ga wani Colin Stagg, gwauro, ba ya shiga mutane, yana yawo da karensa a filin, suka ce biri ya yi kama da mutum. Babu jini, babu makami, babu komai. Sai suka sa wata 'yar sanda ta yi shigar mai sonsa, wata da watanni tana rubuta masa wasiƙu, tana jan sa ya ce shi ya yi. Bai taɓa amsawa ba. Duk da haka ya shafe sama da shekara a tsare, sai a 1994 alƙali ya yi fatali da ƙarar, ya kuma caccaki dabarar. Jaridu ba su ƙyale shi ba, shekaru yana yawo da tambarin makashi. Ainihin mai laifin, Robert Napper, yana waje. A Nuwamban 1993 ya kashe Samantha Bisset da 'yarta mai shekara huɗu. Sai a 2008 ya amsa kisan Rachel, bayan gwajin DNA ya tona shi. An biya Stagg diyyar fam dubu 706. Wa zai biya wa waccan uwa da 'yarta?

Baba Sufeto: Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. 'Yata, kin tuna min da wani abu. Ina sabon shiga aka tsinci gawar wani manomi a bakin rafi. Gari duka ya nuna wani baƙo da ke kwana a tasha, ba ya gaisawa da kowa, yana magana shi kaɗai. Mu ma muka bi yarima muka sha kiɗa. Kwana tara yana hannunmu, ba zan faɗi abin da ya sha ba, Allah Ya yafe mana. Ashe ɗan wan mamacin ne, kan rikicin gona. Matarsa ce ta kasa riƙewa.

Malam Nura: Allah Ya gafarta mana baki ɗaya, Baba. Malamanmu sun daɗe da tattauna wannan. Akwai firasa, wato karantar mutum daga kamanninsa, akwai ƙarina, wato alamar da ke nuni ga gaskiya, akwai hujja. A ƙissar Annabi Yusuf, Alaihis Salam, da aka duba riga aka ga ta baya ta yage, gaskiya ta fito. Amma ku lura, rigar abu ce da kowa zai gani da idonsa, ya taɓa da hannunsa. Ba cewa aka yi fuskar wane ta yi kama da ta mai laifi ba. Firasa takan nuna wa alƙali inda zai tona, ba a zubar da jini da ita.

Ɗanjuma: Malam, ai 'yan firasar Amurka sun sha kunya a 2002. Ana harbe mutane a yankin Washington, mutum 10 cikin mako uku. Masana suka cika talabijin: Bature ne, shi kaɗai ne. Ana ta tare fararen motocin ɗaukar kaya. Ashe baƙaƙe ne su biyu, John Muhammad da wani yaro ɗan shekara 17, Lee Malvo, cikin tsohuwar Chevrolet shuɗiya. An duba lambar motar ba sau ɗaya ba aka bar su suka wuce.

Dakta Aminu: A yi adalci, Ɗanjuma. Maganar farar mota daga shaidu ta fito, ba daga masana ba.

Abban Sadiq: Na gode, Dakta. Kuma birnin Atlanta na Amurka fa? Ana kashe yara baƙaƙe daga 1979 zuwa 1981, kowa na cewa turawa masu wariyar launi ne. Douglas ya ce baƙar fata ne, don Bature ba zai yi ta shiga unguwannin nan ba a gan shi ba. Aka kama Wayne Williams, baƙi.

Barista Hauwa: An kama shi ne don 'yan sanda sun yi kwanton ɓauna a gada, suka ji faɗuwar abu a ruwa da tsakar dare. Zaren kafet da gashin kare aka kai kotu. Kuma kisan manya biyu aka ɗaure shi a kai a 1982, ba a taɓa gurfanar da shi kan yaran ba. A 2019 hukumomin birnin suka ce a sake gwada shaidun. Ka ɗauki Dennis Rader na Kansas: ya kashe mutum 10, shekara 30 ana zana siffarsa. A 2005 ya aika da faifan kwamfuta, aka tono sunansa na farko da na cocinsa a ciki. Shi ke nan.

Abban Sadiq: Yanzu dai kun taru a kaina. To ni tambayata, mu da ba mu da ko ɗaya, ba gara mu fara da wannan ba? Ai ya fi gina ɗakin gwaji araha.

Dakta Aminu: Afirka ta Kudu ta kafa irin sashen tun a shekarun 1990, kuma ya taimaka musu wajen gane cewa gawarwakin da ake tsinta a wurare daban-daban aikin hannu ɗaya ne. Wannan ɓangaren zan so a koya. Ka tuna kashe-kashen mata a otal-otal na Fatakwal a 2019, duk salo ɗaya? Kyamarar otal ce ta nuna fuskar Gracious David-West.

Baba Sufeto: Abban Sadiq, ɗana, araharsa ce ke ba ni tsoro. Kafin mu isa wurin kisa, mutum ɗari sun tattake shi, an juya gawa, an ɗauki wuƙar ana nuna wa juna, wata baiwar Allah ta share jinin don tausayi. Dangi kuma na tsaye da likkafani, ba sa son a kai asibiti. Mai zana siffar me zai karanta? Amma in ka ba ɗan sandan da manya ke matsa wa lamba takarda mai cewa "gwauro ne, ba ya shiga mutane", kafin la'asar zai kawo maka biyar.

Ɗanjuma: Baba, don Allah a cire maganar gwauro. Wasunmu na ciki.

Abban Sadiq: Ni fa ban sauka ba. Dakta, turo min yadda aka yi taswirar Duffy ɗin nan, zan dawo muku bayan isha'i.