Yadda kowa ya shirya wa dodon koɗinsa mazauni

Wata uwa, Kaduna: Assalamu alaikum 'yan'uwa. Ƙanen maigidana ya dawo daga Ibadan da dodon koɗi biyu manya, ya damƙa wa ɗana, yaron kuma ya kafe shi kiwo zai yi. Yanzu haka suna cikin bokiti da ganyen latas. Don Allah wanda ya taɓa ajiye su a gida ya gaya mana yadda ya yi musu wuri.

Malamin kimiyya, Zariya: Wa alaikumus salam Hajiya. Muna da su a ɗakin gwaji na makarantarmu, cikin akwatin gilashi irin na kiwon kifi. Ki fara da ƙasa, ita ce rayuwarsu. Da rana dodon koɗi binne kansa yake yi, sai dare ya fito kiwo, a cikin ƙasar kuma yake yin ƙwai, shi ya sa muka zuba mai zurfin santimita 10. Daga gindin mangwaro muka ɗebo, baƙa mai laushi, inda takin zamani ko feshin magani bai taɓa kaiwa ba. Yashi zalla ba ya riƙe ruwa, laka kuma daskarewa take yi. Ki damƙi ƙasar a hannunki: in ta dunƙule ba tare da ruwa ya ɗiga ba, danshin ya yi daidai. Sai ki watsa busassun ganye a kai. Dutse kada ya shiga, don suna hawa har murfi su faɗo, ɓawon ya tsage.

Mai shagon tsuntsaye, Kano: Malam, gilashin nan dai a Zariya. A Kano watan Afrilu zafi na haura digiri 40, su kuma sun fi sakewa tsakanin 24 da 28. Gilashi in rana ta ɗan taɓa shi, dafa su zai yi. Ni randa mai faɗin baki na samu, na ajiye a inuwar zaure, safe da yamma ina jiƙa bayanta da ruwa, cikin ya yi sanyi ƙalau. Baki kuma ragar sauro na rufe da ita na ɗaure tamau da roba, domin suna da ƙarfin ɗaga murfin da ba a danne ba. Aibinta ɗaya, yaro ba zai gan su ba sai ya leƙa.

Ɗaliba, Jos: Anti, ki shirya wa hunturu tun yanzu. Nawa a watan Disamba suka shige ɓawo suka toshe bakin da wani farin abu kamar takarda, babu motsi. Ƙawata ta ce in zubar sun mutu. Ashe bushewar iska ce ta sa suka kwanta. Na yayyafa musu ruwa mai ɗan ɗumi, na rufe rabin ragar da leda don danshi ya zauna, kafin gari ya waye sun fito suna cin kokwamba. Kada dai a rufe duka, ƙasar za ta yi tsami, fumfuna ta fito.

Dattijo, Zangon Kumasi: 'Yata, a nan dajin Asante gidansu ne, danshi ba ya ba mu wahala, tururuwa ce abokiyar gabarmu. Akwatina na katako ne mai ƙafa huɗu, kowace ƙafa a cikin gwangwanin ruwa. Ragowar abinci kuma ba ya kwana biyu a ciki. Ki duba tsinin ɓawon naki. In dakusasshe ne, wanda aka fi samu a kudancin Najeriya ke nan, sunansa na kimiyya Archachatina marginata, ƙwansa manya ne kuma 'yan kaɗan. Namu na Gana, Achatina achatina, mai tsini ne da zane, yana zuba ƙanana ɗaruruwa. Kada ki tsaya neman mace da namiji, kowannensu yana da duka biyun, biyun nan sun isa su cika miki gida. Ɓawon ƙwan kaza ki wanke ki shanya ki daka, ki zuba a murfin kwalba a gefe, da shi suke gina nasu ɓawon. Ganyen gwanda, kabewa da ganyen dankali suna so ƙwarai.

Ma'aikaciyar jinya, Ingila: Baba ya yi gaskiya a kan ƙwai. A nan doka ta hana sakin su waje, ƙwan da ba ka so a firiza ake sa shi kafin a zubar. Amurka ma ta haramta ajiye su ba izini; a 1966 wani yaro ya kai guda uku jihar Florida, aka yi kusan shekara 10 ana yaƙi da zuriyarsu. Ni zaren ɓawon kwakwa nake shimfiɗawa maimakon ƙasa, da ɗan faifan lantarki mai ɗumi manne a jikin akwatin ta gefe. Hajiya, a riƙa sa yaron wanke hannu da sabulu duk sanda ya taɓa su. Suna iya ɗaukar wata tsutsa daga kashin ɓera wadda ke haddasa sanƙarau.

Wata uwa, Kaduna: Allah ya saka da alheri. To ruwan sha fa, a sa musu kwano?

Malamin kimiyya, Zariya: Marar zurfi sosai Hajiya, irin murfin robar man shafawa, don ƙananan na iya nutsewa. Ruwan rijiya ko na sama ya fi. In na famfo ne a bari ya kwana a buɗe. Gishiri ko abincin da aka dafa da shi kada ya kusance su, nan take yake kashe su. In kuma yaron zai ɗauka daga jikin gilashi, ya jiƙa hannu ya zura yatsa a ƙarƙashin jikin a hankali, kada ya fizgo ta ɓawo.