Neman kalma: iskar da ta kayar da jirgin Sarkin Musulmi Macciɗo

'Yar Gusau:
Assalamu alaikum iyayena da yayyena. Ina neman agaji kafin la'asar ɗin gobe, lokacin ne za mu naɗi shirinmu na rediyo kan jirgin kamfanin ADC da ya faɗi ranar Lahadi 29 ga Oktoba 2006, jim kaɗan da tashinsa daga Abuja zai nufi Sakkwato. Mutum 105 ne a ciki, 96 suka riga mu gidan gaskiya, har da Sarkin Musulmi Muhammadu Macciɗo, da ɗansa Sanata Badamasi, da Sanata Sule Yari Gandi, da mataimakin gwamnan Sakkwato Garba Muhammad. Allah ya jiƙan su. Rahoton bincike ya ambaci abin da Turawa ke kira "wind shear". Na rubuta "mummunan yanayi" na goge, don abin da ake gaya wa mutanenmu ke nan tun ranar, kuma bai bayyana musu komai ba. Me zan ce?

Ɗan Argungu:
Wa alaikumus salam. Ki ce guguwa mana, ko holoƙo.

Mai Fassara:
Guguwa juyi take yi, ana hango ta da ƙura da ledoji. Holoƙo kuma kowa na ganin tahowarsa gaban hadari. Wannan sau da yawa ido ba ya kama shi. Na taɓa ganin an rubuta "sausayar iska", don kalmar Turancin tana shiga wajen askin tumaki. Kada ki bi wannan. Kuma ki yi nesa da "bugun iska", mai sauraro aljanu zai ji. Ni "juyin iska" nake gani.

Tsohon Matuƙi:
'Yata, bari in gaya miki abin tukuna, masana harshe su raɗa masa suna. Jirgi iskar da ke bi ta fukafukansa ce ke ɗauke da shi. Wani lokaci hadari kan sako iska daga cikinsa ta sauko a miƙe, ta daki ƙasa ta watsu ko'ina, kamar an juye tulun ruwa a daɓe. Faɗinta ba ya wuce kilomita 4, kuma cikin 'yan mintoci ta gama. Jirgin da ya ratsa ta, da farko tana tararsa ta gaba, allurar gudu ta haura, ka ji kamar an tallafe ka. Sai ta danne ka daga sama. Kafin ka farga ta koma bayanka, allura ta zube, fiffike ya rasa abin riƙo, ga ƙasa kusa.

Sau ɗaya ta same ni, ina mataimaki, wata yamma da damina muna shirin sauka. Allura ta yi sama, hannuna ya tafi zai rage wuta, don abin da jiki ya saba ke nan. Kyaftin ɗina ya ture hannun, ya ba injuna wuta gaba ɗaya, muka fasa saukar. Na'urar gargaɗi ta kira sunan abin sau uku. Har yau in hadari ya haɗo ina zaune a ƙofar gida, muryar nan nake ji.

Ranar ta Macciɗo ina ɗakin hutun matuƙa labari ya iso. Ba wanda ya iya cewa uffan, kowa lissafi yake da a ce shi ne kan kujerar. Jirginsu Boeing 737 ne, bai cika minti biyu a sama ba ya faɗi a ƙauyen Tungar Madaki, kusa da filin jirgin Abuja. Bincike ya ce an tashi alhali an san yanayin ba kyau, kuma da iskar ta same su an ɗaga hancin jirgin fiye da kima, har fiffike ya daina ɗauka. Ba zan zagi mamaci ba, na san ƙanƙantar lokacin da suka samu.

Ɗan Argungu:
Allahu Akbar. Baba, yadda ka kwatanta ta, ai yaudara ce. Ta tallafe ka sannan ta sake ka. A ce "yaudarar iska".

Malama daga Ƙaura:
A'a ƙanena. Hadisi ya hana zagin iska, domin umartarta ake yi. Ba ma jingina mata yaudara, balle a shirin da iyalan mamata za su ji. Larabawa yanka suka kira abin, "ƙassur riyah".

Malamin Nahawu:
Duk na karanta, kuma duk bin sawun Bature kuke yi. Ya ajiye kalma biyu, ku ma kuna neman kalma biyu, ɗaya iska ɗaya wani abu. Bahaushe ba haka yake raɗa suna ba. Aikin abu yake dubawa, ya ɗauko aikatau ya haɗa da karɓau: hana-salla, dafa-duka, fasa-ƙwauri, ɓata-gari. Saboda haka sunan wannan abu hana-tashi. Gajere ne, yana da daɗin faɗi, tsohuwa a Maradun za ta riƙe shi da ji ɗaya.

Tsohon Matuƙi:
Allah gafarta Malam, ginin ya yi kyau, amma da yawan haɗurran wajen sauka suka auku. Na kamfanin Delta a Dalas ta Amurka, 2 ga Agusta 1985, sauka yake yi, mutum 137 suka mutu. Shi aka riƙa maimaita mana a na'urar koyon tuƙi har hannu ya saba, kuma bayansa ne Amurka ta wajabta sa na'urar gargaɗi a jiragen fasinja. Na Sosoliso a Fatakwal, 10 ga Disamba 2005, shi ma sauka ne, mutum 108, yawancinsu 'yan makaranta masu komawa gida hutu.

Malamin Nahawu:
Kyaftin, tsuntsu yana sama ma cewa muke yana tashi. Tashi ya game duk zaman jirgi a sarari. Hana-tashi na nan daram.

Mai Fassara:
Malam, to in babu jirgi fa? Masu hasashen yanayi suna auna abin nan ko sama fayau take ba jirgi ko ɗaya. Halin iska ne, ba halin jirgi ba. Kuma ƙirƙirar sabuwar kalma ba aikin dare ɗaya ba ne, kamata ya yi a miƙa wa masana a Jami'ar Bayero su tace.

Malamin Nahawu:
Ga inda muke samun matsala. Duk abin da ya taso sai a ce a kai Kano. Sarkin Musulmi namu ne, makokin namu ne, amma kalmar sai an sa mata hannu a can? Malaman jihadi sun rubuta waƙoƙin wa'azi da ajami a Hausar ƙasar nan tun ƙarni na 19, ba su nemi izinin kowa ba. Akwai masana a Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo, akwai su nan Gusau.

Mai Fassara:
Ban raina Hausar kowa ba, ni ma cibiyata a Tsafe aka binne ta. Daidaitacciyar Hausa kan karin Kano aka gina ta, ba ni na tsara haka ba, kuma ita ake karanta labarai da ita. In kuma makoki ne ke ba da iko da kalma, Kano ta riga mu: 24 ga Yuni 1956 jirgin kamfanin BOAC na Birtaniya ya faɗi yana tashi daga filin jirgin Kano cikin hadari, mutum 32 cikin 45 suka mutu, iska ce ta sauya masa alƙibla farat ɗaya.

Malamin Nahawu:
To tun 1956 me ya hana su raɗa mata suna?

Ɗan Argungu:
Malam ya yi tambaya. Mu ma a Kabi an sha gyara mana "munka" da "sunka" a aji kamar laifi muka yi.

Malama daga Ƙaura:
Ku ji tsoron Allah, yarinya tana da aiki gobe. Rayuka 96 ake magana, kun koma wane gari ya fi wane.

Baban Mafara:
Jikana ne ka rubuta mani. Ɗiyata, mu nan Talata Mafara Sarkin Kudu munka san shi tun bai zama Sarkin Musulmi ba. Ba a daɗe da ƙaramar salla ba anka aiko da rasuwatai. Allah shi gahwarta mai. Wagga iska da Kyaftin ya kwatanta, manomi ya san ta. Kana kwana da gero tsaye, hadari shi wuce, da sahe ka iske gona kwance, wani ya kalli gabas, wani yamma, wani kudu, tsakiya kamar an taka da ƙahwa. Cewa mukai iska ta zubo. Kuma tunda ta gaba da ta baya ba su bi hanya guda ba, ai saɓani sunka yi, kamar ka tai gidan mutum shi ko ya taho naka.

Tsohon Matuƙi:
Baba, ranka ya daɗe, abin da ka gani a gona shi Fujita ya gani a daji. Masanin yanayi ne ɗan Jafan da ya yi aiki a Jami'ar Shikago. Daga jirgi ya hango bishiyoyi sun zube sun watsu daga tsakiya guda. Da jirgin kamfanin Eastern ya faɗi a Niyok a 1975 aka nemi ya bincika, sai ya tuna da bishiyoyin nan, ya ce iska ce mai saukowa. Masana da dama sun ƙi yarda, sai da aka auna ta da na'ura. Abu biyu ne ke nan: mai saukowa daga hadari ita ce zubowar iska, abin da jirgi ke gamuwa da shi in ya ratsa ta shi ne saɓanin iska.

Mai Fassara:
Na janye "juyin iska". Saɓani ya fi, don ya ɗauki sauyin alƙibla. Abin da bai ɗauka sosai ba shi ne sauyin ƙarfi, inda iska ba ta juya ba amma ta ragu kwatsam. Sai an bi shi da bayani.

Malamin Nahawu:
Mai sauraro zai ji saɓani ya ɗauka rigima ce tsakanin mutane. Kuma har yanzu kalma biyun Bature ce. Amma daga bakin Baba ta fito, daga gona, ba daga ƙamus ba, ba zan ja da dattijo ba. A sa ta a shirin. Ni dai a ajina hana-tashi zan ci gaba da koyarwa, lokaci zai raba mu.

'Yar Gusau:
Na gode iyayena, Allah ya saka da alheri. Ga abin da zan karanta: "Bincike ya nuna saɓanin iska ne ya kayar da jirgin, wato sauyin alƙibla ko ƙarfin iska farat ɗaya cikin ɗan taƙaitaccen wuri, wanda zubowar iska daga hadari kan haddasa." Malam, zan ambaci cewa wasu masana sun ba da shawarar hana-tashi.

Tsohon Matuƙi:
Gyara ɗaya, 'yata. Kada ki ce shi kaɗai ya kayar da shi. Ki ce jirgin ya gamu da saɓanin iska, sannan ki faɗi maganar tashi cikin hadari da ɗaga hancin. Rahoton ya ambace su duka, kuma akwai yara masu son tuƙin jirgi da za su saurare ki.

Malamin Nahawu:
In za ki ambace ta, ki sa karan ɗori tsakanin hana da tashi a rubutunki.

Baban Mafara:
Ki hwaɗi mani ranar da za a sa shirin da lokaci, in sa a kawo mani rediyo zaure. Kuma in kin zo ga sunanai, ki ce Sarkin Kudu ko sau guda.